Aikawa da Fayiloli Tsakanin Kwamfutoci Masu Nisa ba Tare da Buga Kalmar Sirri ba: Misali Daga Ƙasar Maradun

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin wata dabara wadda masu kula da kwamfutoci suka daɗe suna aiki da ita, watau yadda za a sa kwamfuta ta riƙa aika wa wata kwamfutar da ke wani gari da fayiloli, ita kaɗai, a kan lokaci, ba tare da wani ya zauna ya buga kalmar sirri ba, kuma ba tare da an bar wa ɓarayi ƙofa a buɗe ba. Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu kuwa shi ne halin da makarantu da ƙananan asibitoci suke ciki a yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Mu ɗauki gari kamar Dosara, a Ƙaramar Hukumar Maradun. Mu ƙaddara akwai wata makaranta a can mai ɗakin kwamfuta, inda ake shigar da makin ɗalibai da sunayensu da ranakun haihuwarsu, kuma ana bukatar kwafin waɗannan bayanai ya isa wata babbar kwamfuta a Gusau kullum. Hanya ta farko ita ce a zuba su a filashi, a ba wani malami ya hau babur zuwa Talata Mafara, daga nan ya shiga mota. Duk wanda ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyoyin ƙauyukanmu a shekarun nan ya san ba a tura bawan Allah wannan tafiya saboda fayil. Hanya ta biyu ita ce a aika ta intanet. To amma idan sai mutum ya tuna, ya zauna, ya buga kalmar sirri kafin aiken ya tafi, to ranar da yake zazzaɓi, ko ya tafi jana'iza, ko ya manta kawai, ranar babu kwafi. In kuwa kwamfutar makarantar ta ƙone a wannan rana, makin zango guda ya tafi ke nan.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a daidaita wasu kalmomi. Kwamfutar da ake ajiye bayanai a cikinta, wadda sauran kwamfutoci suke zuwa wurinta su ɗauka ko su ajiye, ita ce zan riƙa kira uwar garke, kamar yadda wasu masu fassara suka fara kiranta. Wadda take ƙwanƙwasa ƙofa kuwa zan ce mata mai aike. Sunayen umarnin da ake ba kwamfuta zan bar su yadda suke, don ba ta jin wani suna sai su.

2.0 Inda matsalar ta samo asali

Tsohuwar hanyar aika fayil, wadda ake kira FTP, tun 1971 aka fara tsara ta a Amurka, lokacin da kwamfutocin da ke haɗe da juna 'yan kaɗan ne, masu su kuma duk sun san juna. Saboda haka ba a damu da ɓoye komai ba. Sunan mutum da kalmar sirrinsa da abin da ke cikin fayil ɗin duk a fili suke tafiya, tamkar wasiƙar da ba a sa ta a ambulan ba, kowane ɗan aike ya karanta kafin ya miƙa wa na gaba. A shekarar 1995 aka gano cewa wasu sun ɗana wata manhaja a hanyar sadarwar Jami'ar Fasaha ta Helsinki, a ƙasar Finlan, tana tsince kalmomin sirrin jama'a. Wannan ne ya sa wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH a wannan shekara, aka kuma ba shi ƙofa mai lamba 22, wadda har yau ita ce ƙofarsa. A ƙarshen 1999 masu tsarin OpenBSD suka fito da nasu na kyauta mai suna OpenSSH, wanda shi ne yake cikin kusan kowace uwar garke mai aiki da Linux a yau, har ma kamfanin Microsoft ya sa shi a cikin Windows.

SSH ya magance leƙen asiri a kan hanya, domin duk abin da ya bi ta cikinsa a murɗe yake, ba mai iya karantawa sai wanda aka yi dominsa. Abin da ya rage shi ne kalmar sirrin kanta, wadda sai da yatsun mutum take shiga. Da yawa daga cikin ɗalibanmu, idan suka iso nan, sai su yi abin da ya fi sauƙi: su rubuta kalmar sirrin a cikin fayil ɗin umarni, su sa wata manhaja irin su sshpass ta riƙa buga ta a madadinsu. Wannan daidai yake da mutum ya kulle shagonsa ya rataye mabuɗin a jikin ƙyaure. Kuma galibi kalmar nan ita ce dai wadda malamin yake buɗe imel ɗinsa da ita, da asusunsa na banki.

3.0 Mabuɗai biyu

Maganin da ya dace ya girmi SSH da kusan shekara ashirin. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka nuna cewa ana iya yin mabuɗai biyu 'yan tagwaye, ɗaya a ɓoye shi, ɗaya a bayyana shi ga kowa, kuma sanin na bayyanen ba zai kai mutum ga gano na ɓoyen ba. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka fito da hanyar lissafin da za a yi hakan a aikace, wadda ake kira da harufan farkon sunayensu, RSA. A nan zan kira ɗaya mabuɗin ɓoye, ɗayan kuma mabuɗin sarari. Kowannensu lamba ce mai tsawo da aka ajiye a fayil.

An saba kwatanta su da kwaɗo da mabuɗinsa, amma ni a ganina hatimi ya fi kusa da abin da yake faruwa. A zamanin Daular Sakkwato, idan wasiƙa ta zo wa wani sarki daga Sarkin Musulmi, ba ya tambayar ɗan aike wata kalma ta asiri. Hatimin da ke kan takardar yake dubawa. Siffar hatimin kowa a fada ya san ta, amma ƙarfen da ake bugawa da shi guda ɗaya ne, yana kuma hannun mai shi. To mabuɗin sarari shi ne sanin siffar hatimi, mabuɗin ɓoye kuma shi ne ƙarfen.

Sai dai akwai inda kwatancen ya gaza, kuma wurin yana da muhimmanci. Hatimin sarki iri ɗaya yake fita a kowace takarda, saboda haka gwanin maƙeri zai iya kwaikwayonsa. Na kwamfuta ba haka yake ba. Duk lokacin da mai aike ta ƙwanƙwasa, ita da uwar garke sukan fara haɗuwa su samar da wata lamba sabuwa fil, wadda ta wannan ganawa ce kaɗai. Sai mai aike ta haɗa wannan lamba da mabuɗinta na ɓoye ta yi lissafi, ta aika da sakamakon. Uwar garke kuma ta auna sakamakon da mabuɗin sararin da aka ba ta ajiya tun farko. In ya dace, ta tabbata mai ƙwanƙwasawa tana riƙe da ƙarfen, sai ta buɗe. Mabuɗin ɓoyen bai bar Dosara ba, bai bi waya ba, uwar garken ma ba ta taɓa ganinsa ba. Wanda kuma ya saci sakamakon yau ba zai amfane shi gobe ba, don lambar gobe daban ce. Ko da ɓarawo ya fasa uwar garken Gusau ya kwashe mabuɗan sararin da ke ciki, bai sami abin shiga ko'ina ba. Kalmar sirri ba ta da wannan falala, tun da dole ne a miƙa ta ga wanda ake son ya buɗe ƙofa.

4.0 Yadda ake shirya abin

Aikin hannun bai taka kara ya karya ba. A kan mai aike ake buga:

ssh-keygen -t ed25519 -f ~/.ssh/aike -N ""

Wannan zai haifar da fayil biyu, aike da aike.pub. Na farkon shi ne na ɓoye. Na biyun layi ɗaya ne tak, shi ake kwafa a zuba cikin wani fayil mai suna authorized_keys a kan uwar garke, ko da hannu ko da umarnin ssh-copy-id. Nau'in Ed25519 ya shiga OpenSSH a 2014, kuma tun 2023 shi ne ake samu idan ba a zaɓi wani ba. Wanda ya ci karo da tsohon littafi yana cewa a yi mabuɗi nau'in DSA, ya bar shi, don an dakatar da shi tun 2015, an kuma cire shi ɗungum a 2025.

Abu biyu ne suke yawan ba sabon shiga wahala. Na farko izinin fayil: idan wani ma'aikaci daban a kwamfutar yana iya karanta mabuɗin ɓoye, SSH zai ƙi aiki da shi sam, sai an mai da izinin fayil ɗin 600, na jakar .ssh kuma 700. Na biyu shi ne cewa ita ma uwar garke tana da nata hatimin. A ganawar farko mai aike takan nuna wani taƙaitaccen zanen mabuɗin uwar garken, ta tambaya ko an yarda da shi, sa'an nan ta adana shi a fayil ɗin known_hosts. Kamata ya yi a buga waya Gusau a karanto wannan zane harafi-harafi kafin a ce i. Akwai masu kashe wannan bincike gaba ɗaya don kada ya dame su, su rubuta StrictHostKeyChecking=no. Wanda ya yi haka ya yarda ke nan ya miƙa makin ɗalibansa ga duk kwamfutar da ta tsaya a hanya ta ce ita ce Gusau.

Game da abin da zai ɗauki kayan, akwai scp da sftp da rsync, dukkansu ta cikin SSH suke bi. A wurinmu rsync ya fi, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a Ostareliya a 1996. Dalili kuwa shi ne yakan gwada abin da ke nan da abin da ke can, ya aika da abin da ya canza kawai. Idan kuma aka ƙara masa --partial, to in sabis ya yanke a tsakiya, ba ya zubar da abin da ya riga ya isa, daga nan zai ɗora. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. A lura dai rsync ba ya kwafa tsakanin kwamfutoci biyu da duk suke nesa da mai ba da umarni. Dole a tayar da shi daga kan ɗayarsu. Ma'ana, mabuɗin ɓoye sai ya kwana a kan ɗaya daga cikin biyun.

5.0 Mabuɗin da ba shi da makulli

A nan ne gizo yake saƙar. A umarnin da na kawo a sama, ƙarshensa cewa yake kada a kulle mabuɗin ɓoye da wata kalma. Ana iya kulle shi, kuma ga mabuɗin da mutum yake shiga da shi da kansa, wajibi ne a kulle. Amma mu da muke son aiki ya tafi da tsakar dare, wa zai buɗe shi? Akwai wata manhaja, ssh-agent, wadda ake buɗe mata mabuɗi sau ɗaya ta riƙe shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tana da kyau a inda wuta ba ta ɗaukewa. A garin da kwamfuta take mutuwa da zarar man janareta ya ƙare ko batirin sola ya yi sanyi, kullum sai an nemo mai kalmar ya sake bugawa, an koma gidan jiya ke nan.

Saboda haka sai mu karɓi gaskiya: akwai wani fayil a kan wata kwamfuta a Dosara, wanda duk wanda ya kwafe shi ya zama makarantar a idon uwar garke. Masana sukan ba da shawarar a juya abin, a bar mabuɗin a kan uwar garke mai tsaro, ita ta riƙa zuwa tana ɗauka. Shawara ce mai kyau, amma ba kasafai take yiwuwa a wurinmu ba, domin kwamfutar da take hawa intanet da layin waya ba ta da tsayayyen adireshi, kamfanin sadarwa yakan haɗa masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma ba a iya kiran ta daga waje. Ita ce dole ta yi kira. Ashe ke nan mabuɗin zai zauna a wuri mafi rauni, a ɗakin da ɗalibai suke shiga, mai tagar da ake iya ɓallewa.

Tun da ba za a iya tabbatar da cewa ba za a sace shi ba, abin yi shi ne a rage abin da zai iya buɗewa. Maigida ba ya ba yaron da yake kawo hatsi mabuɗin turakarsa, na zaure kawai yake ba shi. Da farko a buɗe wa aiken asusu nasa na kansa a kan uwar garke, wanda ba shi da ikon shugaba. Sa'an nan a gaban layin mabuɗin, a cikin authorized_keys, a rubuta sharuɗɗa, alal misali:

restrict,command="rrsync -wo -no-del /ajiya/dosara"

Kalmar restrict, wadda ta shigo a 2016, tana hana mabuɗin buɗe allon ba da umarni, da haƙa rami ta cikin uwar garke zuwa wasu kwamfutocin. Sharaɗi na biyu yana cewa ko mene ne mai mabuɗin ya nema, abu ɗaya za a yi masa, watau a tayar da rrsync, wata 'yar manhaja da take zuwa tare da rsync, wadda take tsare shi a jaka ɗaya. Alamar -wo tana nufin ya ajiye amma kada ya ɗauka, -no-del kuma kada ya goge. Idan an yi haka, ɓarawon da ya sami mabuɗin ba zai karanta makin kowa ba, balle na sauran makarantu. Abin da ya rage masa shi ne ya aiko da fayil na ƙarya ya danne na gaskiya. Maganin wannan kuwa yana Gusau: kowace safiya uwar garke ta kwashe abin da ya iso zuwa wata jaka mai kwanan wata, wadda mabuɗin Dosara ba ya kaiwa. Akwai kuma sharaɗin from, mai ƙayyade adireshin da za a karɓi mabuɗi daga gare shi, amma saboda dalilin da na faɗa, amfaninsa a wurinmu kaɗan ne, sai dai tsakanin manyan makarantu masu tsayayyen layi, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, in suna da bukatar irin wannan musaya.

Kada a ɗauka wannan tsanantawa ce ta malaman kwamfuta. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Sunan yarinya da garinsu da lambar wayar mahaifinta, a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, ba abin wasa ba ne.

6.0 Lokaci, da ranar da babu sabis

Mai tayar da aikin a kan lokaci shi ne cron. Layi ɗaya ake rubuta masa, a ce ƙarfe biyu na dare kullum. Amma cron ba ya ramuwa: in lokacin ya yi kwamfuta tana kashe, ya wuce ke nan sai gobe. Don haka ya fi kyau a yi amfani da anacron, ko agogon systemd da aka sa wa Persistent=true, waɗanda suke rama aikin da zarar an kunna. Ko kuma a sa shi ya gwada kowace awa, tun da rsync ba ya aika abin da ya riga ya aika. A ƙara BatchMode=yes, don in wani abu ya lalace SSH ya haƙura nan take, maimakon ya tsaya jiran amsar mutumin da ba ya nan.

Babban aibin aikin da yake tafiya da kansa shi ne idan ya tsaya ba ya kuka. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, ƙananan hukumomi da yawa kuma suka yi makonni babu sabis. Wannan kowa ya san da shi, don haka ba wanda zai zaci aike yana tafiya. Wanda ya fi haɗari shi ne ƙaramin tsaiko, kamar data ta ƙare, ko faifan uwar garke ya cika, ko an sake ɗora mata tsari hatiminta ya canza, mai aike ta ƙi yarda da ita, kamar yadda ya kamata ta yi. Sai a yi wata uku kowa yana zaton akwai kwafi. Saboda haka mai ƙararrawa ya zauna a Gusau, wurin mai karɓa: in kwana biyu suka wuce babu sabon fayil daga Dosara, uwar garke ta aika wa mai kula da ita saƙo. Kuma sau ɗaya a zango a ɗauko kwafin a buɗe shi, a ga ko yana karantuwa.

7.0 Wa yake riƙe da mabuɗi?

Kalmar sirri akan tilasta wa mutum ya canza ta. Mabuɗin SSH kuwa, in ba an sa masa wa'adi da gangan ba, ba ya tsufa. Na taɓa duba uwar garken wata makaranta, na tarar da layi bakwai a cikin authorized_keys, ma'aikatan wurin kuma biyu kawai suka iya shaidawa. Ɗaya daga cikin sauran na wani ɗan bautar ƙasa ne da ya shirya musu tsarin, ya gama hidimarsa ya koma garinsu da kwamfutarsa ta hannu shekara biyu kafin nan. Ban ce yaron yana da mugun nufi ba, hasali ma taimako ya yi. Amma kwamfutar nan tana iya ɓata, ko ya sayar da ita a kasuwa da mabuɗin a ciki.

A ƙarshen kowane layin mabuɗi akwai wurin rubuta bayani. A rubuta sunan kwamfutar da aikinta da ranar da aka yi shi. Kowace mai aike ta sami nata mabuɗin, kada Dosara da Bakura su yi tarayya a guda, domin in aka sace kwamfutar wuri ɗaya, layi ɗaya za a goge, sauran su ci gaba da aikinsu. OpenSSH yana da sharaɗin expiry-time, wanda yake kashe mabuɗi idan ranar da aka rubuta ta cika, kuma ya dace da duk wanda aka san zamansa na ɗan lokaci ne. Sa'an nan a takardar miƙa aiki, wadda ma'aikaci yake cikawa idan an yi masa canjin wuri, inda ake lissafa kujeru da kabad da mabuɗan ofis, a ƙara layi guda na mabuɗan SSH, wanda zai karɓi aikin kuma kada ya sa hannu sai ya buɗe fayil ɗin ya ƙirga su da idonsa.